"Ban Sani Ba" Ba Ta Wanke Fitsari

Wannan lacca ce da wani tsohon malamin motsa jiki ya gabatar wa matasa 'yan wasa a garin Gombe kan shan haramtattun ƙwayoyi a wasanni. An kwafo ta daga faifan murya, an rage maimaici.

Assalamu alaikum. Masu horarwa, ina gaisuwa. Ku kuma yarana 'yan ƙwallon kwando da kuka cika sahun gaba, ku ɗan rage tsawo, kun tare wa na baya gani.

Da naku zan fara. A watan Fabrairun 2025 hukumar NBA ta Amurka ta dakatar da Bobby Portis na Milwaukee Bucks wasa 25, ba albashi. Me aka samu a jikinsa? Tramadol. E, tramol ɗin nan dai da kuka sani, wanda ake miƙowa ta ƙarƙashin tebur a bakin tasha. Wakilinsa ya ce kuskure ne, wai maganin ciwo mai suna Toradol yake nufin sha, wanda ba a hana ba, sai aka ba shi ɗayan saboda sunayen sun yi kama. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Amma kama da wane ba ta wane, hukuncin bai ragu da wasa ko ɗaya ba. Kakar NBA wasa 82 ce, ku lissafa abin da ya tafi.

Ba shi kaɗai ba ne. A 2019 an dakatar da Deandre Ayton wasa 25, shi maganin sa fitsari aka kama shi da shi. A shekarar dai John Collins ya sha irin hukuncin, sai Tristan Thompson a farkon 2024. Kafin su akwai Joakim Noah a 2017, wasa 20. In kun bi bayanan da yawancinsu suka fitar, kusan baki ɗaya ne: ban sani ba, a cikin garin ƙarin kuzari da na saya yake. To dokar wasanni ba ta tambayar niyya kafin ta ce ka yi laifi. Abin da aka samu a fitsarinka naka ne, ko wa ya ba ka, ko kocinka ne, ko mahaifiyarka.

Wani zai ce, malam, maganin sa fitsari wane ƙarfi yake ƙarawa? Ba ya ƙara komai. Aikinsa ya tsinka fitsarin ya wanke sawun abin da aka sha tun farko, kamar ɓarawon da ya ja reshe a bayansa. Shi ya sa aka haramta shi. Irinsa aka samu a jikin yarinyarmu Chika Amalaha a gasar Commonwealth ta Glasgow a 2014, tana 'yar shekara 16, aka karɓe zinaren da ta ci a ɗaga nauyi. Yarinya 'yar 16, jama'a. Ni har yau tambayata, su wa ke tsaye a kanta?

Kuma ku daina zaton ɗan ƙwallon kwando ƙwanji yake nema. Warkewa yake nema. Ya buga yau, ya kwana a jirgi, gobe ya sake bugawa, gwiwa na kuka, idon sawu ya kumbura. Sitiroyid kwaikwayon sinadarin namiji yake yi, ya sa tsoka ta gyaru da wuri. Sai jiki ya ga an kawo masa daga waje, ya daina yin nasa. 'Ya'yan maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu, nono ya fito wa ƙato, hanta da zuciya su ɗauki wahala. Na ga wasu suna sunkuyar da kai. Gara ku ji a nan da ku ji a ɗakin likita bayan aure. Masu dogon gudu da masu tseren keke kuma EPO suke bi, sinadarin da ƙoda ke fitarwa don a ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Jini ya yi yawa, numfashi ya yi tsawo, amma ya yi kauri kamar kunun da aka cika wa gasara, zuciya ta yi ta fama da turawa. Da shi Lance Armstrong ya ci tseren keken Faransa sau bakwai a jere, 1999 zuwa 2005. A 2012 aka ƙwace duka.

Yanzu bari in ba ku labarin da ya fi ci mini rai. Olamfik na Sidni, shekarar 2000, tseren miƙa sanda na mita 400 sau huɗu. Najeriya ta tsayar da Clement Chukwu, Jude Monye, Sunday Bada da Enefiok Udo-Obong. Udo-Obong ya karɓi sandar muna baya, ya yi ta cin mutane har ya tsallake layi a na biyu, bayan Amurka. Muka yi murnar azurfa. Bayan shekara takwas, a 2008, Antonio Pettigrew na tawagar Amurka ya amsa da bakinsa cewa yana amfani da haramtattun magunguna a lokacin. Aka karɓe zinarensu. Sai a 2012 aka tabbatar wa Najeriya da shi. Sunday Bada kuwa ya rasu a Disambar 2011. Bai taɓa riƙe zinaren da ya ci ba. Ba a buga masa taken ƙasa a filin ba, tutarmu ba ita ce ta fi hawa sama a ranar ba, kyauta da darajar da ke bin zinare a lokacin da ake yayinka duk sun wuce. In wani ya ce muku mai shan ƙwaya kansa kawai yake cuta, ku tambaye shi wa zai biya Bada wannan ranar.

Dattawan da ke nan kuma ba su manta 1994 ba, wasanmu da Ajantina a gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa. Siasia ya fara ci, Caniggia ya rama biyu, aka tashi wata ma'aikaciyar jinya ta riƙo hannun Maradona zuwa ɗakin gwaji. Aka samu efedirin, aka kore shi daga gasar. Mu dai 2 da 1 ɗinmu tana nan a rubuce.

Kada mu yi ta nuna wasu da yatsa. 'Yar tserenmu Blessing Okagbare, a Olamfik na Tokiyo a 2021 aka cire ta tana tsakiyar gasa saboda sinadarin ƙara girma, hukuncinta ya kai shekara 11. A gasar dai aka hana 'yan wasanmu goma shiga, su ba a kama su da komai ba, gwaje-gwajen da ya kamata a yi musu kafin tafiya ne ba a cika ba. Wannan laifin manya ne.

To mu dawo gida. A nan ba mu da likitan da ke haɗa allura a ɓoye. Namu a gorar lemon ƙara kuzari yake. Na taɓa tsayawa a bayan benci a wata gasar unguwanni, hutun rabin lokaci, na ga yaro ya ɓare kafso biyu ya zazzage a gora, ya girgiza, gorar ta bi hannu shida. Na shidan bai ma san me ke ciki ba, ƙishi yake ji. Da na ƙwace na tambaya, sai aka ce, "Malam, haɗi ne kawai, don kar a ji gajiya." Ba gajiyar yake cirewa ba, ƙararrawar yake kashewa. Jijiya na yagewa kana gudu a kanta. Ya yi yawa kuma ya kayar da mutum yana farfaɗiya. Tun 1 ga Janairun 2024 hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwaya a wasannin duniya, wadda aka kafa a 1999, ta haramta tramadol a lokacin gasa. Haka sha-ka-fashe da wasu ke haɗiya don su cika riga, ita ma in an same ta ranar gasa laifi ce.

A filin unguwa ba mai gwada ku, na sani. Amma ba burinku ku tsaya nan ba. Kuna so ku sa rigar Gombe Bulls, ku buga a filin wasa na Fantami, a kira ku sansanin ƙasa. Can za a ba ka kwalabe biyu, wani ya bi ka har bayan gida ya tsaya yana kallo, kuma ana iya ajiye samfurin shekara goma a sake gwadawa. Saboda haka duk maganin da ba ya cikin kwalinsa, ko na kemis ne ko na mai lasifika a kasuwa, kada ya wuce maƙogwaronka. In likita ya rubuta maka, ka ce masa kai ɗan wasa ne, ka ajiye takardar. Mai asma da makamantansu akwai izini na musamman da ake nema tun kafin gasa.

Na ga hannu can baya. Ɗaga murya, ɗana. Goro? (dariya) A'a, goro ba ya cikin jerin. An cire kafeyin daga haramtattu tun 2004, ana dai sa masa ido. Ci abinka, shayi ma sha. Sai dai in mai shayin ya tambaye ka ko a sa maka "ƙarfi", ka ce a bar shi haka. Akwai wata tambayar?