Injin da ke haɗa kulorin daga gishiri: yadda ake zaɓa, auna girma da girka shi a kwamin ninkaya na gida

[Hoto: kwamin ninkaya a tsakar gida, ruwan ya fara yin kore]

Assalamu alaikum jama'a. Duk mai kwamin ninkaya a gida ya san wannan launin. Kwana biyu kacal aka manta ba a zuba kulorin ba, ruwa ya soma kore, gefe ya yi santsi, yara kuma suna tsaye da tawul suna jira. Yau za mu yi bayanin injin da ke rage wannan wahala, wanda ke haɗa kulorin da kansa daga gishirin da aka narkar a cikin ruwan.

Da farko mu gyara wata fahimta. Mutane da yawa suna zaton kwamin gishiri ba shi da kulorin. Yana da shi. Bambancin kawai, maimakon ka sayo shi a bokiti ka riƙa zubawa, injin ne ke ƙera shi kaɗan-kaɗan muddin ruwa na zagayawa.

[Hoto: bututu garai-garai da farantan ƙarfe jere a ciki]

Ga zuciyar injin, masu sayarwa na ce mata sel. Waɗannan farantai na ƙarfen titaniyam ne, an shafe su da wani siririn rufi na ƙarafa masu tsada irin su ruteniyam da iridiyam. Idan ruwan gishiri ya ratsa tsakaninsu, akwatin sarrafawa ya tura musu wuta mai ƙaramin ƙarfi, sai gishirin ya rabu, kulorin ya fito ya narke a ruwa. Ya kashe ƙwayoyin cuta da gansakuka, daga baya ya koma gishiri, a sake juya shi. Shi ya sa gishirin ba ya ƙarewa da aiki. Kuma ba ruwan teku za ka yi wanka a ciki ba. Ruwan teku na ɗauke da gishiri wajen giram 35 a kowace lita, na kwami kuwa giram 3 da ɗoriya ne, kusan kashi ɗaya cikin goma. Da ƙyar harshe ke jin sa.

To, yanzu ga wurin da kuɗin mutane ke salwanta: girman injin.

A jikin kwali za ka ga an rubuta, misali, ya isa kwami mai galan 40,000. Galan ɗin Amurka lita 3.8 ne, wato kusan lita 150,000 ke nan. Mai saye ya duba, ya ga nasa bai kai rabin haka ba, ya ce ai ƙarami ma ya ishe ni. Abin da kwalin bai faɗa da babbar murya ba shi ne, yawanci an yi wannan lissafi ne a kan injin da ke aiki awa 24 ba tsayawa, a iyakar ƙarfinsa. Injin nan ba ya haɗa ko giram ɗaya sai injin tura ruwa, wato famfo, na gudu. Kai kuma awa nawa kake samun wuta a rana? Awa nawa za ka iya barin janareta ko sola na jan famfon? Amsar wannan tambaya ita ce ma'auninka, ba rubutun kwali ba.

[Hoto: takarda da biro, ana rubuta lissafi]

Mu yi lissafin tare. Kwami mai tsawon mita 8, faɗin mita 4, matsakaicin zurfi mita 1.5. A ninka su, an sami mita kubik 48, kowace lita dubu ce, wato lita 48,000. Idan gefe ɗaya ya fi zurfi, haɗa zurfin bangarorin biyu ka raba biyu.

A lokacin zafi, kwamin da ke cikin rana yana cinye kulorin tsakanin giram 2 zuwa 4 a kowace lita dubu kullum. Mu ɗauki 3. Sau 48, giram 144 ke nan a rana. Idan famfonka na aiki awa 8, raba 144 da 8, kana bukatar giram 18 a kowace awa. Idan kuwa awa 5 kaɗai kake samu, buƙatar ta haura kusan giram 29 a awa. Kwami ɗaya ne, ruwa ɗaya, amma girman injin da ake nema ya ƙaru da fiye da rabi saboda wuta kawai.

Kuma kada ka sayi wanda ya yi daidai cif da wannan adadi. Ƙara rabi a kai, ko ka ninka. Mai awa 8 ya nemi na giram 30 a awa, mai awa 5 ya nemi na 45 zuwa 55. Dalili biyu ne. Na farko, a watan Maris da Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Yamai zafi na haura digiri 40, rana na ƙona kulorin, ruwa mai ɗumi na haifar da gansakuka da sauri, lokacin ne kuma kowa ke son shiga ruwa. Na biyu, rufin farantan nan yana cinyewa da yawan awannin aiki. Sel na ɗaukar shekara uku zuwa bakwai, kuma wanda ake murzawa a iyakar ƙarfinsa kullum shi ke fara mutuwa, kamar ƙaramin janaretan da aka ɗora wa firji da dutsen guga. Babban sel da ke aiki a rabin ƙarfinsa ya fi daɗewa. A ganina, in dai za a yi tsimi, a yi shi a wani wurin, ban da nan.

Don haka idan ka je shago, tambayi giram nawa yake fitarwa a awa. In mai shago ya ce maka "ai wannan babba ne, Alhaji", ce masa ya nuna maka lambar a littafin injin.

Sauran abubuwan dubawa kaɗan ne. Ya dace da wutarmu, bolt 230. Wasu na Amurka suna zuwa a saite kan 120. Ya kasance mai juya wutar farantai da kansa lokaci-lokaci, domin hakan na kakkaɓe farin dutsen da ke manne musu. Sannan ka tabbata ana samun sel ɗinsa na canji a ƙasar nan, don ranar da ya gaji kada akwatin duka ya zama kayan ado.

[Hoto: ɗakin famfo, kibiya na bin hanyar ruwa]

Sai girkawa. Bi ruwan da idonka: daga kwami zuwa famfo, daga famfo zuwa matatar ruwa, in akwai injin ɗumama ruwa ya ratsa shi, sannan sel. Sel ne na ƙarshe kafin ruwa ya koma kwami. Ruwan da ke fita daga cikinsa na ɗauke da kulorin mai ƙarfi, in ya bi ta injin ɗumamawa zai ci ƙarfensa. Duba kibiyar da ke jikin sel kada a juya shi, kuma a sa masa mahaɗa mai murɗewa ta kowane gefe, ta yadda za a iya kwance shi a wanke ba sai an yanke bututu ba.

Nan ina roƙon ku saurara da kyau. Lokacin da sel ke aiki, yana fitar da iskar haidurojin. Idan ruwa na gudu, iskar na bin sa ta fice ba matsala. Idan famfo ya tsaya sel ya ci gaba, iskar za ta taru a bututu, kuma tana iya fashewa. Saboda haka injin na zuwa da wani ɗan makunni mai jin gudun ruwa, wanda ke yanke wuta idan ruwa ya tsaya. Kada mai gyara ya ce maka yana damun mutane ya haɗe wayoyinsa. Bayan shi ma, a ɗauko wutar injin daga layi ɗaya da famfo, in famfo ya mutu shi ma ya mutu. A gidajen da ake sauyawa tsakanin wutar NEPA, janareta da inbata, wannan ba abin sakaci ba ne, don sau da yawa ana ɗora ƙananan kaya kan inbata a bar famfo a wani layin.

Aikin wayar na ƙwararren mai gyaran wuta ne. A sa na'urar yanke wuta mai jin yoyo ta miliyamfa 30, a haɗa wayar ƙasa, a kuma ɗaure duk ƙarafan kwami, tsani da makamantansa, da waya ɗaya. Akwatin sarrafawa a kafe shi a bango cikin inuwa, inda iska ke shiga, nesa da jarkokin asid, a kuma sa masa kariya daga hawa da saukar wuta.

[Hoto: buhunan gishiri a bakin kwami]

Yanzu gishiri. Yawancin injuna na son giram 3 zuwa 3.5 a lita, amma bi abin da littafin naka ya ce. Idan 3.2 ne, kwaminmu mai lita 48,000 zai ci kilo 154, buhu shida masu kilo 25 da ɗan ƙari. Kafin ka zuba, auna ruwan, don kwamin da ya daɗe ana sa masa kulorin yana da ɗan gishiri a ciki tun tuni. Zuba biyar tukuna, ka sake aunawa. Ƙarawa abu ne mai sauƙi. In ya yi yawa kuwa, sai an zubar da ruwa an cika da sabo.

Gishirin ya zama tsantsa, kashi 99 cikin ɗari ko fiye, marar aidin, marar sinadarin hana dunƙulewa, wanda kan bar tabo a jikin kwami. Gishirin miya da ke kasuwanninmu mai aidin ne, gishirin Bilma da na lasar dabbobi kuma cike suke da ƙasa da wasu ma'adanai, duk ba su dace ba. Kashe sel, watsa gishirin a ruwa, share shi da buroshi har ya narke, bar famfo ya zagaya da shi kwana guda, sannan ka kunna.

Injin ya ɗauke maka zuba kulorin, bai ɗauke maka awo ba. Sau ɗaya ko biyu a mako ka duba: kulorin tsakanin giram 1 da 3 a kowace lita dubu, ma'aunin tsamin ruwa, wato pH, tsakanin 7.2 da 7.6. A kwamin gishiri pH na yawan hawa, sai a riƙa sauke shi da ɗan asid. Akwai kuma sinadarin sayanurik da ke kare kulorin daga rana. In babu shi, rana za ta cinye yawancin abin da injin ya haɗa cikin 'yan awanni, ka yi ta zargin injin a banza.

Lokutan shekara ma suna da tasu. Da damina ruwan sama kan cika kwami ya malala, gishiri ya ragu, sai a auna a ƙara. Da hunturu ruwa ne ke tafiya da iska, gishirin yana nan, don haka ruwa kawai za ka ƙara, sai dai ƙura na ƙara wa matatar ruwa da kulorin aiki. Mai cikawa da ruwan burtsatse ya sa a gwada masa shi, domin ƙarfen da ke ciki kan juya ruwa ya yi ja, ruwa mai nauyi kuma, wato mai yawan ma'adanai, na saurin toshe farantai.

[Hoto: hannu sanye da safar roba yana riƙe da sel]

Duk bayan wata uku, kashe wuta, kwance sel ka leƙa. In ka ga farin ɓawo tsakanin farantai, fara da fesa ruwa. In ya ƙi, jiƙa shi na 'yan mintoci a asid da aka sirka bisa ƙa'idar littafin, da safar hannu da tabarau, kuma asid ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan asid. Kada ka sa wuƙa ko sukudireba ka kankare, rufin nan siriri ne, in ya ɓare ba ya dawowa. Da kumfa ya daina tashi, ɗauraye shi da ruwa mai kyau, mayar da shi yadda kibiya ta nuna, kunna famfo ka duba ko mahaɗar na ɗiga kafin ka ba sel wuta.