Ma'aikaci Ne Ko Ɗan Kwangila? Tambayar da Kotu Ke Fara Yi

A ce direba ne a wata masana'antar fiya wata a Kano. Shekara 6 yana rabon kaya, ƙarfe bakwai na safe yana bakin aiki. Rannan manaja ya ce masa: "Malam, daga gobe ka huta." Babu dalili, babu takarda. Ya kai ƙara, sai kamfani ya ce, "Ai ba ma'aikacinmu ba ne, ɗan kwangila ne."

To masu kallo, a nan shari'ar take. Kafin alƙali ya saurari batun kora, sai ya tantance wace irin alaƙa ce tsakaninsu, domin ɗan kwangila ba shi da kariyar da doka ta ba ma'aikaci.

A 2008, a shari'ar kamfanin tsaro na Shena da kamfanin Afropak, Kotun Ƙolin Najeriya ta jero abubuwan dubawa. Albashi ake biyansa ko ladan aikin da ya gama? Motar da yake tuƙawa tasa ce ko ta kamfani? Wa ya yanka masa lokacin zuwa da tashi? Idan ya kwanta ciwo, zai iya turo ƙaninsa ya yi aikin a madadinsa? Wannan ta ƙarshen tana da nauyi. Magini da ka ba aikin katanga zai iya turo yaransa, kai dai katanga kake so. Amma wanda dole shi da kansa zai zo, a kan umarnin wani, da kayan aikin wani, sunan da aka laƙaba masa a takarda ba zai ɓoye cewa ma'aikaci ne ba.

Rashin takarda fa? Dokar Ƙwadago ta 1974 ta yarda da yarjejeniyar baki. Hasali ma sashe na 7 a kan mai gida ya ɗora nauyin bayar da sharuɗɗan aiki a rubuce cikin wata 3.

Sai korar ita kanta. Sashe na 11 ya tanadi sanarwa: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 idan bai kai shekara 2 ba, mako 2 idan bai kai shekara 5 ba, wata 1 daga shekara 5 zuwa sama. Ko a biya kuɗin wa'adin.

A da, iyakar magana ke nan. Mai gida zai sallame ka da dalili ko babu dalili, ya ba ka kuɗin wata guda, shi ke nan. Wata guda bayan shekaru ana bauta, ai kowa ya san da sakel.

Abin ya fara sauyawa da gyaran tsarin mulki na uku na 2010. Sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin shari'o'in aiki, ya kuma ba ta damar duba yadda ake yi a duniya. Da wannan ne a 2015, a ƙarar da aka kai bankin Diamond, kotun ta ce sallama ba tare da ingantaccen dalili ba zalunci ne a harkar ƙwadago, tana dogaro da Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya. A 2020 kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da diyyar albashin shekara 2 a shari'ar kamfanin Sahara Energy.

Sai dai a lura, a kamfani mai zaman kansa da wuya kotu ta ce a mayar da kai bakin aiki. Diyya aka fi samu. Kuma kai mai ƙara ne za ka kawo hujja: alat ɗin albashi, katin shaidar aiki, rajistar sa hannu, saƙonnin WhatsApp da manaja ke ba ka umarni. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana zama a Kano da Kaduna da Abuja, can lauyanka zai shigar da su.