Ƙofofin Kalsiyam a Jijiyoyin da ke Ɗaukar Saƙon Zafi

Idan ƙaya ta soki ƙafar mutum, saƙon yana bin doguwar jijiya har zuwa lakar gadon baya, inda dole ne jijiyar ta miƙa shi ga wata. Wannan miƙawar ba ta yiwuwa sai sinadarin kalsiyam ya shiga cikin ƙwayar jijiyar. A waje kalsiyam ya ninka na ciki fiye da sau 10,000, don haka da zarar ƙofa ta buɗe sai ya kwararo, jijiyar kuma ta saki sinadaran da ke isar da saƙon.

Ita wannan ƙofa furotin ce, kuma ginshiƙinta shi ne ɓangaren da masana ke kira alfa-1. Zare ne guda ɗaya mai tsawo da ya naɗe kansa gida huɗu, kowane gida ya ratsa fatar ƙwayar sau shida. Ratsi na huɗu a kowane gida yana ɗauke da cajin lantarki, shi ne ke motsawa idan saƙo ya iso, har ƙofar ta buɗe. A maƙogwaronta kuwa akwai sinadaran gulutamet guda huɗu da suka yi zobe, suna barin kalsiyam ya wuce, suna tare sodiyam duk da ya fi yawa a wajen.

A 1985 ne masana uku, Nowycky da Fox da Tsien, a binciken da suka yi kan jijiyoyin 'yan tsaki, suka bayyana cewa ƙofofin iri uku ne: L da N da T. Yau an san ƙwayoyin gado 10 da ke ƙera alfa-1. Nau'in N, wato Cav2.2, shi ne ya fi muhimmanci a mahaɗar jijiyoyi da ke cikin laka, shi ya sa maganin zikonotayid, wanda aka kwaikwayo daga dafin wani dodon koɗi na teku, kuma Amurka ta amince da shi a 2004, yake toshe shi kai tsaye. Sai dai ba a haɗiyarsa, cikin ruwan laka ake zuba shi.

Abin da ya fi ban sha'awa, a ganina, shi ne mataimakan ginshiƙin. Beta yana zaune a ciki, alfa-2-delta kuma yana manne a waje, dukansu suna taimakawa wajen kai ƙofar mazauninta. Idan jijiya ta ji rauni, alfa-2-delta-1 yana ƙaruwa ƙwarai, ƙofofi su yi yawa a mahaɗar, har shafar mayafi ta zama azaba. Magungunan gabapentin da pregabalin, waɗanda likitoci ke rubuta wa masu ciwon sukari da ke fama da raɗaɗin tafin ƙafa, wannan mataimakin suke kamawa, ba ramin ƙofar ba, su rage yawan ƙofofin da ke isa bakin jijiyar.