Yadda Amurka ke zawarcin ɗalibai su yi aikin zaɓe

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga Milwoki nake magana, a jihar Wiskonsin. Ku yi haƙuri da ƙugin iskar nan, sanyi ya fara kunno kai.

Kun hango teburin can a ƙofar ɗakin cin abinci na jami'a? Ma'aikatan rumfar zaɓe suke nema. Ɗalibi zai ba da sunansa, a yi masa horo, ranar Talatar zaɓe ya zauna yana duba sunayen mutane a rajista yana miƙa musu takardar ƙuri'a. A jihar nan bakwai na safe ake buɗe rumfa, sai takwas na dare a rufe. Wuni ne cur, amma hukumar gari tana biyan ladan ranar.

Irin wannan zawarci har gwamnatin tarayya ta zuba masa kuɗi. Bayan taƙaddamar ƙirga ƙuri'u a jihar Fulorida a zaɓen shugaban ƙasa na 2000, inda Bush ya sha da ƙyar da tazarar ƙuri'a 537, majalisar dokokin Amurka ta yi dokar gyaran zaɓe mai suna HAVA a 2002, wadda ta kafa EAC, hukumar da ke tallafa wa harkar zaɓe. Cikin dokar akwai shirin bai wa jami'o'i da ƙungiyoyi tallafi su jawo ɗalibai aikin rumfa, da sharaɗin ba ruwansu da kowace jam'iyya. A 2023 dala miliyan ɗaya aka ware. Ga ƙasa mai jihohi 50, wallahi cikin cokali ne.

To me ya sa sai ɗalibai? Yawancin masu aikin nan dattawa ne da suka haura sittin. Da korona ta ɓarke a 2020 suka zauna gida, kuma ba a ga laifinsu ba. A zaɓen watan Afrilu na shekarar, garin nan da ya saba buɗe wuraren zaɓe kusan 180 bai iya buɗe fiye da biyar ba. Mutane suka yi ta tsayuwa a layi na sa'o'i, da yawa da takunkumi a fuska.

A Najeriya INEC ta samu sauƙin wannan neman, don tana kwasar 'yan bautar ƙasa. Nan kuwa sai an lallaɓa mutum ya zo da ƙafarsa.

Ni dai bizar karatu gare ni, aikin kuma a nan na 'yan ƙasa ne, don haka kallo ne nawa. Amma iyayenmu da ke Niyok da Shikago, idan yaranku haihuwar nan ne kuma suna jami'a, ku ce su leƙa ofishin zaɓe na garinsu tun da wuri, domin ana gama horo kafin ranar.