Duniya a Cikin Buhun Kamfa

Daga laccar da aka yi wa manoma a wani ƙauye na ƙasar Gumel, an rubuto ta daga faifan murya.

Iyayena da 'yan'uwana manoma, in kun koma gida ku kwance bakin buhun takin kamfa, ku ɗebi cikin tafi ɗaya ku duba. Ƙwayoyin ba launinsu ɗaya ba. Farar nan yuriya ce, a nan gida ake yin ta da iskar gas, a Ribas da Legas. Mai duhun nan fosfet ne na Maroko, wadda muka ƙulla yarjejeniyar taki da ita a 2016. Ja-jan kuwa fotash ne. Ba ma haƙo shi, sai an ɗauko daga irin su Rasha da Kanada.

To, a Fabrairun 2022 Rasha ta afka wa Yukren. Ko ƙarar bindiga ɗaya ba mu ji ba, amma a daminar shekarar kowa ya ji a aljihunsa. Har yuriyar gida ta tashi, don mai kamfani da farashin kasuwar duniya yake auna kayansa.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ake taɓawa, mu ma muna taɓa wasu. Riɗin da ake lodi a Maigatari har Japan yake kaiwa, zoɓo kuma Meziko. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu, saboda an auna an sami sinadarin fiya-fiya ya wuce ƙa'ida. Ƙa'idarsu miligiram 0.01 ce a kilo, wato kusan babu. Wanda ya yayyafa a sito daban, amma ƙasa guda aka rufe wa ƙofa.

Alhali akwai mafita. A shanya wake a kan tamfol har sai an ciza ya ce ƙas, a sheƙe shi, a zuba a buhun nan mai ninki uku, leda biyu a ciki. Kafin a zuba, a hura ledar a ga ko tana yoyo. A matse iska, a ɗaure kowane ninki daban. Rashin iska ne ke kashe ƙwaron, shi ya sa yawan buɗewa ke ɓata aikin. Sannan a ɗora buhunan a kan katako, nesa da bango, don huda ɗaya ta ɓera ta isa ta mayar da ku inda kuka fito.