Laifin Koci Ne Idan Ƙungiya Ta Durƙushe? Abin da Ya Sami White Sox a 2024

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gode wa waɗanda suka shirya wannan zama, ina kuma gode muku da kuka bar harkokinku kuka zo saurare.

Tambayar da aka ɗora mini ita ce ko masu horarwa ne suka cancanci zargi idan ƙungiyar ƙwararru ta shiga halin shan kashi. Na zaɓi in amsa ta da wasan besbol na Amurka, duk da na san yawancinmu ƙwallon ƙafa muka fi sani, saboda babu wasan da ya kai besbol ba da damar auna wannan magana. A babbar gasar Amurka, mai ƙungiyoyi 30, kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka guda, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ba hutu. Idan wasanni suka yi yawa haka, sa'a da tsautsayi sukan wanke juna, abin da ya rage shi ne ainihin ƙarfin ƙungiya. Ko Seattle Mariners ta 2001, wadda ta ci wasa 116, sai da aka doke ta sau 46. Shan kashi a besbol abincin yau da gobe ne, kuma ƙungiyar da ake kira rarrauna ma takan ci wasa sittin da wani abu a shekara.

Kafin in shiga labari, ya kamata mu san wane ne wane. Akwai mai ƙungiya, wanda ke yanke yawan kuɗin da za a kashe. Akwai janar manaja, mutumin ofis, wanda ke sayen 'yan wasa da musayarsu da ɗauko matasa. Sannan akwai wanda suke kira manaja, wato babban koci a wurinmu, wanda ke sa rigar wasa kamar 'yan wasansa ya zauna tare da su a gefen fili. A ƙarƙashinsa akwai kocin masu jifa, da kocin masu bugu, da kocin benci, wato babban mataimakinsa, da wasu biyu da ke tsayawa a kusurwoyin fili suna yi wa masu gudu ishara da hannu, su wuce ko su tsaya. Aikin babban koci a lokacin wasa ba shi da faɗi kamar na takwaransa na ƙwallon ƙafa. Shi ne ke rubuta jerin mutum tara da za su yi bugu bi da bi, kuma shi ne ke takawa zuwa tudun da ke tsakiyar fili ya karɓi ƙwallo daga hannun mai jifan da ya gaji ya miƙa wa wani. Amma da zarar mai jifa ya fuskanci mai bugu, gwagwarmaya ce ta mutum biyu, kuma babu wani tsarin tsayuwa da koci zai zana wanda zai sa sanda ta sami ƙwallon da ke zuwa da gudun da ya haura kilomita 150 a awa.

To, a 2024 ƙungiyar White Sox ta birnin Shikago ta ci wasa 41, aka doke ta sau 121. Tun daga 1901 babu ƙungiyar da ta taɓa shan kashi haka a kaka guda. Ta fara da nasara 3 kacal a wasanni 25 na farko. Daga Yuli zuwa farkon Agusta ta yi rashin nasara sau 21 a jere, kafin ta samu ta doke Oakland a ranar 6 ga Agusta. Kwana biyu bayan haka aka sallami babban koci Pedro Grifol, yana da nasara 28 da rashin nasara 89, aka kuma haɗa da mataimakansa uku, ciki har da kocin benci Charlie Montoyo. Duk wanda ya dubi waɗannan alƙaluma zai ce hukunci ya yi daidai, kuma ni ma ban zo nan don in wanke Grifol ba. Amma ina so mu tambayi abin da aka ba shi ya yi aiki da shi.

Shekara uku kacal kafin nan, a 2021, wannan ƙungiya ta ci wasa 93 ta zo ta ɗaya a rukuninta. Abin ya fara lalacewa a 2022, ya rushe a 2023 da rashin nasara 101, har mai ƙungiyar, Jerry Reinsdorf, wanda ke riƙe da ita tun 1981, ya sallami manyan jami'ansa biyu na ofis, Ken Williams da Rick Hahn, a watan Agusta. Maimakon ya nemo wani daga waje, sai ya ɗaga Chris Getz daga cikin gida, mutumin da dama shi ne ke kula da rainon matasan 'yan wasan ƙungiyar. Ana saura makonni biyu a fara kakar 2024, ofis ya musanya Dylan Cease, mai jifansu mafi ƙarfi, zuwa San Diego. Cikin makonni biyun farko na kakar, masu bugu uku da aka gina fata a kansu, Luis Robert da Eloy Jiménez da Yoán Moncada, duk suka ji rauni. A ƙarshen Yuli kuma, ana tsakiyar wancan jerin shan kashi, ofis ya sake sallamar Erick Fedde da Tommy Pham zuwa St. Louis, da Michael Kopech zuwa Los Angeles Dodgers. Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da Grifol ya sa wa hannu. An ɗauke masa gishiri da mai da nama, sannan aka tara jama'a su ɗanɗana miyarsa.

Hanya mafi sauƙi ta gwada ko koci ne matsalar ita ce a duba abin da ya biyo bayan tafiyarsa. Grady Sizemore ya karɓi riƙon ƙwarya, 'yan wasa suka nuna suna ƙaunarsa, aka ce iska ta sauya a ɗakin sauya kaya. Ya ci wasa 13, aka doke shi sau 32. An ɗan samu sauƙi, amma a wannan gwargwado da shi ya ja kakar gaba ɗaya, da ƙungiyar ta sha kashi kusan sau 115. Irin wannan ya faru a Baltimore a 1988, inda aka kori Cal Ripken babba bayan rashin nasara shida a farkon kaka, aka kawo Frank Robinson, aka kuma ci gaba da shan kashi har sau 15 a jere a hannunsa. Casey Stengel ya lashe kofin babbar gasar, wanda suke kira World Series, sau bakwai da New York Yankees tsakanin 1949 da 1958, kuma shi ɗin ne dai ya jagoranci New York Mets a 1962, lokacin da aka doke ta sau 120, tarihin da White Sox ta karya. Iliminsa bai zube a hanya ba tsakanin unguwa da unguwa a birni ɗaya. A wancan gida yana da Mickey Mantle da Yogi Berra, a wannan kuwa sabuwar ƙungiya ce da aka harhaɗa da 'yan wasan da sauran ƙungiyoyi suka yarda su saki. Joe Torre ma ƙungiyoyi uku ne suka kore shi kafin ya je Yankees a 1996 ya ɗauki kofi huɗu cikin shekara biyar.

Na san wani zai ce ai akwai inda korar koci ta yi magani, kuma gaskiyarsa. A 2003 Florida Marlins ta sallami Jeff Torborg tana da nasara 16 da rashin nasara 22, ta ɗauko dattijo Jack McKeon mai shekara 72, ta ƙare da ɗaukar kofi. A 2022 Philadelphia ta sallami Joe Girardi tana da 22 da 29, Rob Thomson ya kai ta wasan ƙarshe. Amma ku dubi waɗanda ke cikin waccan ƙungiya ta Philadelphia: Bryce Harper, Kyle Schwarber, Zack Wheeler, Aaron Nola. Ƙwararru ne da ke wasa ƙasa da matsayinsu, kuma irin waɗannan ko ba a taɓa koci ba sukan farfaɗo, domin ana korar koci ne daidai lokacin da abubuwa suka kai maƙura wajen muni, lokacin da kusan duk abin da zai biyo baya zai fi shi kyau. Ban ce Thomson bai yi komai ba, domin 'yan wasansa da kansu sun yaba da natsuwar da ya kawo. Abin da nake cewa shi ne, sauyin murya yana iya tayar da mai ƙarfin da ya yi sanyi, amma ba ya ƙirƙirar ƙarfi inda babu shi. A wannan shekara ta 2022 ɗin ma, Los Angeles Angels ta kori Joe Maddon ana cikin jerin shan kashi, ta kuma ƙare kakar da rashin nasara 89, alhali tana da Mike Trout da Shohei Ohtani.

Yanzu bari in zo inda nake ganin koci ba shi da mafaka. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. A watan Agustan 2023, wani mai jifa mai suna Keynan Middleton, bayan an musanya shi daga White Sox zuwa Yankees, ya shaida wa 'yan jarida cewa babu doka a ƙungiyar da ya baro. Ya ce akwai wanda ke barci a wurin zaman masu jifan ko-ta-kwana ana cikin wasa, akwai masu ƙin halartar taro da atisaye, kuma babu wanda ake hukuntawa. Shugabannin ƙungiyar sun musanta yawancin maganarsa, amma idan ko rabinta gaskiya ne, wannan a wuyan babban koci yake, ba a wuyan mai ƙungiya ba. Mutum 26 ne ke zaune tare wata shida, a jirgi da otal da fili, sun fito daga Amurka da Kuba da Jamhuriyar Dominika da Benezuwela, wasu ma ba sa jin harshen juna sosai. Riƙe irin wannan gida shi ne ainihin aikin manaja, kuma Grifol, wanda wannan ne karonsa na farko a kujerar a babbar gasa, ya zo ne da alƙawarin shiri da tsari. Ba a zargin koci don yaronsa ya kasa bugun ƙwallo mai wuya, amma ana zarginsa idan yaron ya jefa ƙwallo inda bai kamata ba, ko ya manta masu bugu nawa aka riga aka fitar a zagayen da ake ciki, domin waɗannan abubuwa ne da maimaici ke gyarawa. Don haka ra'ayina shi ne sallamar Grifol ta halatta, sai dai hujjarta tana cikin tarbiyyar ƙungiya da shirinta, ba cikin lamba 121 ba.

Su kuwa mataimakan koci, ma'aunin da ya dace da su shi ne ko ɗan wasa yana ƙaruwa a hannunsu. A nan ne wannan mummunar kaka ta nuna wani abu da ya kamata a faɗa da adalci. Garrett Crochet bai taɓa fara wasa a matsayin mai jifa na farko a babbar gasa ba kafin 2024, kuma ya dawo ne daga tiyatar gwiwar hannu. A hannun kocin masu jifa Ethan Katz ya zama ɗaya daga cikin fitattun shekarar, ya fitar da masu bugu 209, aka zaɓe shi wasan taurari. Fedde, wanda ya kasa kafuwa a Washington har ya tafi Koriya ta Kudu ya gyara jifansa, ya dawo ya yi kyakkyawar kaka, shi ya sa ma aka samu masu nemansa. Wato a cikin ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi akwai masu horarwa da suka yi aikinsu da kyau. A ɓangaren bugu kuma, ƙungiyar ta tara maki 507 ne kawai a wasa 162, mafi ƙanƙanta a duk gasar, kuma a nan akwai tambaya ta gaskiya da za a yi wa kocin masu bugu. Amma Kopech, wanda ya riƙa fama a Shikago, yana isa Dodgers ya zama abin dogaro har ya ɗauki kofi da su a Oktoba. Abin da ya tarar a can ya haɗa da masu nazarin alƙaluma da na'urorin auna juyawar ƙwallo da ma'aikata masu yawa, kuma duk waɗannan kuɗin mai ƙungiya ne ke samar da su.

Me ya sa kenan kullum koci ake fara kora? Domin shi ake gani. Yana fuskantar 'yan jarida sau biyu a rana, kafin wasa da bayansa, yana bayanin shawarwarin da ba shi ya yanke ba. Kwantiraginsa ƙarami ne, na 'yan wasa kuwa dole a biya shi cif ko an sallame su, kuma babu wanda ke iya korar mai ƙungiya. Ga shi kuma a besbol ba a faɗawa ƙaramar gasa, saboda haka wanda ya zo na ƙarshe yana nan daram a shekara mai zuwa, yana karɓar kasonsa na kuɗin talabijin. Kwantiragi mafi tsada da White Sox ta taɓa bai wa ɗan wasa har zuwa wannan kaka shi ne dala miliyan 75 na shekara biyar ga Andrew Benintendi, a zamanin da wasu ƙungiyoyi ke ba da ninki huɗu na haka. Wannan ne abin da Bahaushe ke kira a bar jaki ana dukan taiki. Magoya bayan ƙungiyar sun gane haka, domin a wasannin gida na ƙarshe a Satumba, ba sunan koci suke kira ba, ihu suke yi wa Reinsdorf ya sayar da ƙungiyar.

An ɗauko Will Venable a matsayin sabon babban koci bayan kammala kakar, sannan a Disamba aka musanya Crochet zuwa Boston aka karɓo matasa huɗu, cikinsu har da Kyle Teel da Chase Meidroth, waɗanda suka shiga babbar ƙungiya a shekarar da ta biyo. A 2025 White Sox ta ci wasa 60, aka doke ta sau 102, wato ƙarin nasara 19, amma ita ce shekara ta uku a jere da rashin nasararta ya haura ɗari, a hannun babban koci na uku.

A nan zan dakata in saurari tambayoyinku. Na gode.