Kai Kafin Ƙafa: Yadda Ake Auna Matashin Ɗan Gaba a Hokin Ƙanƙara

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamai, iyayenmu da ke zaune a gaba, ƙannena ɗalibai, barkanku da yamma. Na ga wasu na murmushi tun da aka karanta taken laccar, to a yi haƙuri da ni, zan bi da ku a hankali.

Ga wanda bai san wasan ba: kowane ɓangare mutum shida ne a kan ƙanƙara, gola ɗaya, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku, wato na tsakiya da na gefe biyu. Abin da suke bugawa da sanda ɗan faifan baƙar roba ne mai tauri, nauyinsa wajen giram 170, har daskarar da shi ake yi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. Faifai zan riƙa ce masa. Raga ƙafa 6 ce a faɗi, 4 a tsayi, ga gola ya sha sulke ya kusa cike ta. Ɗan gaba kuma ba ya daɗewa a fili, kamar daƙiƙa 45 sai ya fita wani ya shigo, wasa na gudana.

Babbar gasar duniya ita ce NHL ta Kanada da Amurka, mai ƙungiyoyi 32. Duk shekara a ƙarshen watan Yuni ake zaɓen matasa, zagaye bakwai, kuma sai yaron da zai cika shekara 18 zuwa 15 ga Satumba ne ya isa shiga. Kafin ranar, masu farautar 'yan wasa sun yi kaka guda suna bin yaran nan a gasannin matasa uku na Kanada, OHL da WHL da QMJHL, da gasar USHL ta Amurka, da Suwidin da Finlan da Rasha. Aikinsu duka tambaya ɗaya ce: abin da yaron nan ke yi a tsakanin sa'o'insa, zai iya yin sa a gaban ƙarti, inda fili ya matse, lokaci ya yi kaɗan?

Mu fara da maki, wato jimillar cin da ɗan wasa ya yi da fasin da ya bayar aka ci, tunda shi kowa ke fara dubawa, shi ne kuma ya fi ruɗin mutane. A 1993 ƙungiyar Ottawa ta ɗauki Alexandre Daigle na ɗaya a duk zaɓen, bayan ya tara maki 137 a kaka guda a gasar matasan Kebek. Da ya shiga NHL bai taɓa haura maki 51 a kaka ba. Saboda haka in aka kawo mini takardar maki, tambayoyi nake jero mata. Da wa yaron yake wasa? Wataƙila abokinsa ne ke dafawa, shi yana zuwa yana ci. Nawa ne daga cikin cin nan ya samu lokacin da aka kori ɗan wasan abokan hamayya na minti 2, ana biyar da huɗu? Cin da aka yi ana biyar da biyar ya fi daraja a wurina nesa ba kusa ba. Sannan wane wata aka haife shi? Wanda aka haifa ƙarshen Satumba da wanda aka haifa Agustan da ya biyo baya a zaɓe ɗaya suke, alhali kusan shekara ce tsakaninsu. A wannan shekarun, wata goma sha ɗaya ba wasa ba ne.

Sai ƙafa. Kowa na son mai gudu, kuma wanda ya ga Connor McDavid, da Edmonton ta ɗauka na ɗaya a 2015, ya san dalili. Amma tsere a miƙe ba shi nake aunawa ba. Taku ukun farko nake kallo, daga tsaye zuwa tashi. Ina kallon yadda yake jingina a kan kaifin ƙarfen takalminsa in zai juya, da ko yana iya rage gudu da gangan har ɗan baya ya wuce shi. Filin NHL ƙafa 200 ne a tsawo, 85 a faɗi, ya fi na Turai matsewa, don haka yaron da ya saba kewaye mutane ta gefe a faffaɗan fili zai iso ya tarar da bango.

Amma ku riƙe wannan: ƙafa tana gyaruwa. Brayden Point ya zauna har lamba 79 a zaɓen 2014, ana cewa ƙarami ne kuma gudunsa bai kai ba. Tampa Bay ta haɗa shi da Barb Underhill, wadda ta taɓa zama zakarar duniya a wasan gwaninta na mutum biyu a kan ƙanƙara, ta gyara masa taku. Ya ci kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, a 2020 da 2021, ya zura 51 a kakar 2022 zuwa 2023. Luc Robitaille ma haka aka yi ta ƙorafin nauyin ƙafarsa, sai a lamba 171 Los Angeles ta ɗauke shi a 1984. Ya yi ritaya da ci 668.

Harbi kuwa, ƙarfi ba shi ne kan gaba ba. Golan NHL in ya ga faifan tun daga nesa kuma ya gyara tsayuwa, kama shi zai yi komai ƙarfinsa. Abin nema shi ne saurin saki da ɓoye niyya. Ku kalli Auston Matthews na Toronto: kafin ya saki sai ya jawo faifan zuwa ƙafarsa, kusurwa ta canza, gola ya shirya wa wata hanya harbi ya fito ta wata. Connor Bedard da irin wannan sakin ya ci 71 a wasa 57 a ƙungiyar Regina ta gasar WHL, Chicago ta ɗauke shi na ɗaya a 2023 duk da bai kai ƙafa shida ba. Ina kuma duba daga ina yaro ke harbi. Mai harbi daga gefen bango yana gudun duka ne. Mai shiga gaban raga, inda ake zungurinsa da sanda a baya, shi ne ke neman ci da gaske.

Yanzu na zo inda gizo ke saƙa. A wasa na minti 60, faifan na zama a sandar yaro 'yan daƙiƙoƙi ne nan da can. Sauran lokacin me yake yi? 'Yan kallo faifai suke bi da ido, mai farauta kuwa dole ya koyi ƙyale faifan ya zuba wa yaro ɗaya ido tun shigarsa har fitarsa. Ina ƙirga sau nawa yake waiwayawa kafin fasin ya iso shi. Wanda ya waiwaya sau biyu ya riga ya san inda zai aika, taɓawa ɗaya ya isa. Wanda sai ya karɓa sannan ya ɗaga kai, a gasar yara zai sha, a ta manya an riga an manna shi da bango. Ina duba ko yana isa gurbi a kan lokaci, domin mai isa da wuri ya tona kansa, an tsare shi. Wayne Gretzky ba ƙato ba ne, ba shi ya fi kowa gudu ba, amma ya mayar da bayan raga wurin zamansa, yana hango kowa daga can. Fasin da ya bayar aka ci guda 1,963 ne, su kaɗai sun fi jimillar makin kowane ɗan wasa, ban da shi kansa, a tarihin gasar.

Ni kaina na taɓa faɗawa rami a nan. Wani yaro ya yanke mutum uku a gabana ya ci, na cika shafi biyu da yabo. Da na koma kan bidiyon, sai na ga abokinsa na tsaye shi kaɗai a bakin raga tun farko yana buga sanda a ƙasa. Yaron bai ƙi ba shi ba, bai gan shi ba ne sam. Hannu na yaba, na manta da ido.

Wata ƙanwata a baya ta aiko da takarda tana tambaya: wasa nawa ya kamata a kalla kafin a yanke hukunci? Malama, ɗaya dai bai isa ba, haka ma gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 da ake yi ƙarshen Disamba zuwa farkon Janairu, domin mako biyu na iya ɗaga yaro ko kayar da shi ba bisa haƙƙi ba. Ni na fi son in gan shi a gidan wasu, bayan doguwar tafiya a bas, an ci su uku, saura minti biyar. A nan nake buɗe littafina in ga ko har yanzu yana waiwayawa.

Shugaban taro na nuna mini agogo. Wanda ke da sauran tambaya ya same ni a bakin ƙofa. Na gode, wassalamu alaikum.